Amanar Yara a Hannun Koci: Darasi Daga Filayen Besbol da Sofbol

 

Yau shirinmu zai kai ku Amurka, wani ƙaramin gari da ake kira Williamsport, a jihar Pennsylvania. Duk shekara, a watan Agusta, yara 'yan shekara 10 zuwa 12 kan hallara a can daga sassan duniya. Gasar besbol ta yara ta duniya ce ke tara su. Dubban 'yan kallo kan cika filin, wasu a kan kujeru, wasu a baje kan ciyawar tudun da ke bayansa. Miliyoyi kuma suna kallo ta talabijin.

Sai dai hankalin shirin na yau ba a kan kofi yake ba. Yana kan mutumin da ke tsaye a gefen fili, wato koci, mai horar da yaran. A ƙungiyar Little League, wadda ke shirya wannan gasa, kociyoyi 'yan sa-kai ne. Ba a biyansu albashi. Wani makanike ne, wani direba, wata malamar makaranta, wata ma'aikaciyar jinya. Su tashi daga aiki da yamma, su wuce fili kai tsaye. Iyaye su kawo musu 'ya'ya goma sha biyu su damƙa, su koma gefe.

To me wannan mutum ya karɓa? Ya karɓi amana uku: lafiyar yaro, zuciyar yaro, da rabon yaro a cikin wasa. Ku riƙe su, domin za a yi ta dawowa kansu.

Shirin ya kasu kashi biyar. Na farko, yadda wasan yake. Na biyu, yadda ake tafiyar da atisaye. Na uku, hannun yaro. Na huɗu, bakin koci. Na biyar, wa da wa aka buɗe wa ƙofa.

Ga kashi na farko, yadda wasan yake.

Ƙungiya biyu ne, kowacce da 'yan wasa tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana duka. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, a kan ɗan tudu. Ya wurgo ƙwallo. Mai duka yana riƙe da sanda, yana jira ya maka ta. In ya same ta, sai ya yar da sandar ya sheƙa a guje.

Akwai zango uku a kusurwoyin filin, na huɗu shi ne inda ya taso, ana ce masa gida. Duk wanda ya bi zangon nan uku ya dawo gida, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Masu tsaro kuwa ƙoƙarinsu su fitar da shi. Su cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko su riga shi kai ta zango, ko mai jifa ya sa shi kuskure sau uku. Da an fitar da mutum uku, sai a yi musanya. In kowane ɓangare ya yi nasa dukan, an yi zagaye ɗaya ke nan.

Sofbol ɗan'uwan besbol ne. A birnin Chicago aka fara shi, a 1887. Ƙwallonsa ta fi girma, filinsa ya fi ƙanƙanta, kuma ta ƙasa ake wurgo ƙwallo, hannu ya juya ya wuce ta gefen kwatangwalo. A yau 'yan mata sun fi yawa a cikinsa.

Wanda ya fara rage besbol ya zo daidai da jikin yara sunansa Carl Stotz, ma'aikaci ne a wani kamfanin katako a Williamsport. A 1938 yana wasa da 'ya'yan 'yar'uwarsa, sai ya lura filin manya ya fi ƙarfinsu. Ya tara yaran unguwa ya shiga gwaji. Ya matso da zango, ya sake matsowa, har ya sami tazarar da yaro zai iya gudu kuma ya iya jifa. A filin manya, tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne, kimanin mita 27. A filin yara ƙafa 60 ne, kimanin mita 18. Mai jifa babba yana tsayawa fiye da mita 18 daga mai duka. Yaro kuwa mita 14. Manya suna yin zagaye tara, yara shida.

Ranar 6 ga Yuni, 1939, aka buga wasan farko. Ƙungiyoyi uku ne kacal a lokacin, kuma ƙananan kamfanonin garin ne suka ɗauki nauyinsu, kowanne da dala 30. A 1947 aka fara babbar gasar. Yanzu ana buga wasannin Little League a ƙasashe sama da 80.

Ku lura da abin da Stotz ya yi. Ya dubi girman yaro, sannan ya auna fili. Daga nan aikin kocin yara ya samo tushe.

Masu sauraro, mu shiga kashi na biyu, yadda ake tafiyar da atisaye.

Ku ɗauka ƙarfe biyar ne na yamma a wani filin yara. Koci ya riga kowa isowa. Kafin ya sauke jakar kaya, sai ya zagaya filin da ƙafa. Yana neman rami, fasasshiyar kwalba, ko wayar shinge da ta ɓalle. Ya duba hulunan kwano ko akwai wadda ta tsage. Ya tabbatar akwai ruwan sha da akwatin agajin gaggawa.

Wannan duba ba ɓata lokaci ba ne. Ƙwallon besbol tana da tauri, nauyinta kusan giram 145. In ta sami yaro a kai, abin ba daɗi. Shi ya sa duk mai duka dole ya sa hular kwano mai rufe kunnuwa biyu. Wani masanin aikin jikin ɗan Adam, Dakta Creighton Hale, wanda daga baya ya shugabanci Little League, shi ya ƙirƙiro irin wannan hula domin yara. Mai cafewa, wato yaron da ke tsugune a bayan mai duka, shi kuma yana sa takunkumin ƙarfe a fuska, da garkuwar ƙirji, da abin kare ƙwauri. A rukunin 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, ba a yarda wanda ke jiran layi ya riƙa wulwula sanda a gefe ba. Sanda tana hannun wanda layi ya zo kansa kaɗai.

Yara sun iso. Kocin da bai san aiki ba sai ya jera su, ɗaya yana duka, sha ɗaya suna tsaye suna hamma. Kafin minti goma, wannan ya fara tonon ƙasa, wancan ya fara tsokanar na kusa da shi. Sai koci ya kama faɗa, alhali shi ya bar su ba aikin yi.

Gogaggen koci raba su yake yi. Uku a nan suna koyon jifa da cafewa. Uku a can suna tarar ƙwallon da ke gangarowa a ƙasa. Uku suna duka a cikin kejin raga. Uku suna koyon gudu daga zango zuwa zango. Kowane rukuni da babba ɗaya a kansa. Bayan minti goma ko makamancin haka, sai a juya. Ba wanda ke tsaye. Yaro ya taɓa ƙwallo sau da dama kafin a tashi, kuma da yawan taɓawar nan hannu ke sabawa.

Koyarwar ma hawa-hawa ce. 'Yan shekara 4 zuwa 7 ba a jefo musu ƙwallo. Ana ɗora ta a kan wani ɗan turken roba, yaro ya doke ta tana zaune. In ya ƙara wayo, sai koci da kansa ya riƙa wurgo masa a hankali. Sai daga baya yaro ɗan'uwansa zai yi masa jifa. Kowane mataki da lokacinsa.

In rana ta ƙwalle, a tsaya a sha ruwa tun kafin yaro ya ce yana jin ƙishirwa. In aka ji tsawa, kowa ya bar fili ya shiga gini ko mota. Ba a dawowa sai an yi minti 30 cur ba a sake jin ta ba.

Akwai kuma kariyar da ta fi hular kwano nauyi, wato kare yaro daga mugun babba. Tun 2003 Little League ta wajabta a binciki tarihin duk ɗan sa-kan da zai riƙa mu'amala da yara. A 2018 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa masu kula da yara a ƙungiyoyin wasanni su kai rahoton zargin cin zarafi cikin sa'a 24. Dokar ta kuma ce a taƙaita keɓewar babba ɗaya da yaro ɗaya. Kocin kirki ba ya jin haushin wannan. Shi ne ma ke roƙon iyaye su zauna su kalli atisaye.

Yanzu sai kashi na uku, hannun yaro. A nan shirin zai ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi cutar da yara ba da gangan ba.

A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani sashe mai laushi, na guringuntsi. Daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Duk wanda ya taɓa tauna ƙashin budurwar kaza ya san bakinsa da taushi, ba kamar na tsohon zakara ba. To haka gwiwar hannu da kafaɗar ɗan shekara 11 suke. Ba sa gama ƙwari sai ya balaga ya ƙara shekaru.

Duk lokacin da yaro ya ɗaga hannu sama ya yi jifa da ƙarfi, jijiyoyi suna fizgar wannan wuri mai laushi. Jifa ɗaya ba komai. Jifa ɗari yau, jifa ɗari gobe, sai wurin ya kumbura, wani lokaci har ya tsage. Tun 1960 likitoci suka san wannan ciwo, har suka laƙaba masa sunan 'yan Little League.

A 1974 wani likita mai suna Frank Jobe ya yi wa ƙwararren mai jifa Tommy John wata sabuwar tiyata. Ya ciro jijiya daga ɗaya hannun, ya maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannunsa. Aikin ya yi kyau, Tommy John ya koma fili ya daɗe yana wasa. Amma jinyar takan ci shekara guda ko fiye. Abin da ya tayar wa likitoci hankali shi ne, daga baya sai ga 'yan makarantar sakandare suna ta zuwa neman wannan tiyata ta manya.

Dakta James Andrews da abokin aikinsa Glenn Fleisig, na wata cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa a Birmingham ta jihar Alabama, suka bi diddigin lamarin. Sun bibiyi yara masu jifa 481 har tsawon shekara goma, suka fitar da sakamako a 2011. Biyar cikin ɗari sun ji mummunan rauni, wanda ya kai su tiyata ko ya raba su da wasan. Waɗanda suka yi jifa fiye da zagaye 100 a shekara, haɗarinsu ya ninka sau uku da rabi. Wani binciken cibiyar na 2006 ya fi wannan tsoratarwa. Matasan da suka saba jifa alhali hannunsu ya gaji, haɗarin kai su tiyata ya ninka sau 36.

A sake ji. Jifa da gajiyayyen hannu, ninki 36.

Saboda irin waɗannan bincike, daga 2007 Little League ta fara ƙirga jifa ɗaya bayan ɗaya. Ga iyakar da ta sa a rana guda. Ɗan shekara 7 ko 8, jifa 50. Ɗan shekara 9 ko 10, jifa 75. Ɗan shekara 11 ko 12, jifa 85. Daga 13 zuwa 16, jifa 95.

Sai hutu. Ga 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, wanda bai wuce jifa 20 ba zai iya sakewa gobe. Daga 21 zuwa 35, hutun kwana ɗaya. Daga 36 zuwa 50, kwana biyu. Daga 51 zuwa 65, kwana uku. Daga 66 zuwa sama, kwana huɗu cur. Wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma mai cafewa a ranar ba, domin shi ma mai cafewa yawan jifa yake yi. A 2014 babbar hukumar besbol ta ƙwararru da hukumar besbol ta Amurka suka ƙara da shawarar cewa yaro ya huta da jifa wata huɗu a kowace shekara.

A sofbol zagaye ake ƙirgawa. Jifan ƙasa ya bambanta da na sama, amma ita ma yarinya kafaɗarta tana gajiya, kuma tana bukatar hutu.

Ku zo mu ga yadda abin yake a fili. Zagaye na shida ne, na ƙarshe. Ƙungiya tana gaba da maki ɗaya tak. Gwaninta ne ke jifa. Mai ƙirge ya ɗaga hannu, jifa ya kai 85. Doka ta ba yaron damar ya gama da mai dukan da ke gabansa. Daga nan koci ya taka zuwa tudu, ya karɓi ƙwallo, ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa wa wani wanda bai kai shi ba. Wataƙila a rasa wasan. Wataƙila wani uba ya yi ta ɗaga murya daga bayan shinge.

Wannan mai sauƙi ne, tunda doka ce ta yanke. Mai wuyar shi ne ranar da ƙirge ke kan 50 amma hannu ya riga ya gaji. Yaro ba zai faɗa ba. Yana son wasa, yana tsoron a ce ya karaya. Koci ne zai gani da idonsa. Gwiwar hannu ta fara sauka. Ƙwallo ta fara tashi sama tana kauce wa hanya. Yaro yana jinkiri tsakanin jifa da jifa, yana yarfe hannu, yana murza gwiwa. Da an ga haka, a cire shi, ko nawa ƙirge ya nuna.

Iyaye, ga naku. Wani yaron yana buga wa ƙungiya biyu, kowane koci kuma nasa kawai yake ƙirgawa. Hannun kuwa ɗaya ne. Ku ne kaɗai kuka san jimillar, don haka ku faɗa wa kowane koci abin da yaron ya yi a wancan filin.

Masu sauraro, an gama da hannun yaro. Ga kashi na huɗu, bakin koci.

Besbol wasa ne mai yawan kuskure. Ƙwararren da ake ji da shi a duniya, in ya fito duka sau goma, sau uku yake dacewa. Sau bakwai yana komawa benci hannu rabbana. In haka manya suke, ina ga ɗan shekara tara? Saboda haka kocin yara yana ganin kuskure daga farkon wasa har ƙarshe. Abin tambaya shi ne, me ke fitowa daga bakinsa a daidai wannan lokaci?

A shekarun 1970, wasu malaman jami'ar Washington da ke Seattle, Ronald Smith da Frank Smoll, suka ɗauki wannan tambaya da muhimmanci. Suka tura masu lura su zauna a gefen fili. Suka bi kociyoyin yara 51 a wasanni sama da 200, suna rubuta duk abin da koci ya yi. Ya yaba? Ya gyara? Ya yi tsawa? Ya yi shiru? Bayan kakar wasa suka bi yara sama da 500 har gida, suka ji ta bakinsu.

Abu uku suka fito. Na ɗaya, yaran sun fi ƙaunar kocin da ke ƙarfafa musu gwiwa kuma yake koya musu dabara. Yawan nasarar ƙungiya bai taka rawa sosai a wannan ƙauna ba. Na biyu, yaran da ba su yarda da kansu ba su ne halin koci ya fi shafa, ta alheri ko ta sharri. Na uku, yawancin kociyoyin ba su san yadda suke ba. Abin da yara suka faɗa game da koci ya fi dacewa da abin da masu lura suka rubuta, fiye da abin da kocin ya faɗa game da kansa.

Daga nan malaman biyu suka tsara wata gajeriyar bita, wadda ba ta wuce sa'a uku ba. Suka ba wasu kociyoyi, suka bar wasu. A sakamakon da aka buga a 1992, yaran da kocinsu bai sami bitar ba, 26 cikin ɗari ba su dawo wasa ba a shekara ta gaba. Waɗanda kocinsu ya samu, biyar cikin ɗari ne kawai suka daina. Ga 26, ga biyar. Kuma ƙungiyoyin kociyoyin da aka horar ba su fi sauran shan kashi ba.

Me aka koya musu? A yaba ƙoƙari nan take, ko da bai haifar da maki ba. In yaro ya yi kuskure, a fara kwantar masa da hankali, sannan a nuna masa yadda zai yi a gaba. Ban da gatse, ban da kunyatarwa a gaban jama'a. Dokokin ƙungiya kuma a shimfiɗa su tun ranar farko, tare da yaran.

Ga misali. Yarinya tana tsaron zango na biyu a wasan sofbol. Ƙwallo ta gangaro, ta bi ta tsakanin ƙafafunta ta wuce. Wata kocin za ta daka tsawa: "Ke! Barci kike yi ne?" Yarinyar ta riga ta san ta yi kuskure, tsawar ba ta ƙara mata ilimi ba. Daga ranar za ta riƙa fatan kada ƙwallo ta nufo ta.

Wata kocin kuwa za ta jira su fito, ta matsa kusa da ita, ta ce: "Sannu, 'yata. Kin tare gabanta daidai. In ta sake zuwa, ki ranƙwafa, ki sauke safar hannun har ta taɓa ƙasa. Za ki kama ta." Magana uku ce. Abin da ta yi daidai, abin da za ta gyara, da tabbacin za ta iya.

Wannan darasi bai tsaya kan besbol ba. Duk mai tara yaran unguwa yana koya musu ƙwallon ƙafa ko guje-guje, binciken Smith da Smoll ya shafe shi. In yana son sanin yadda yake, ya sa wani amintacce ya zauna a gefe ranar atisaye ɗaya, ya ƙirga masa yabo nawa ya yi, gyara nawa, tsawa nawa.

Sai kashi na biyar, na ƙarshe. Wa da wa aka buɗe wa ƙofa?

A fara da cikin ƙungiya. A wasannin kaka na Little League akwai dokar da ta ce duk yaron da ya zo dole ya buga. Aƙalla ya yi duka sau ɗaya, kuma ya tsaya tsaron fili har a fitar da mutum shida. Kocin da ya karya dokar za a gargaɗe shi. In ya sake, a dakatar da shi. Yaro mai rauni a wasa shi ma yana da rabo, kuma ba alfarma ake yi masa ba.

Sai 'yan mata. A 1972 wata yarinya 'yar shekara 12, Maria Pepe, ta yi jifa a wasanni uku a garin Hoboken na jihar New Jersey. Kocinta ya yarda da ita, amma hedikwata ta ce a cire ta ko a soke rajistar ƙungiyar. Magana ta kai gaban shari'a, aka ba 'yan mata gaskiya. A 1974 aka buɗe musu ƙofa, a shekarar kuma aka fara sofbol a ƙarƙashin Little League. Maria ta riga ta wuce shekarun wasan, ba ta ci moriyar hukuncin ba. Bayan shekara 40, a Agustan 2014, Mo'ne Davis, 'yar shekara 13 daga Philadelphia, ta hau tudun jifa a Williamsport. Ta hana yaran Nashville cin ko maki ɗaya, aka tashi huɗu da nema. Ita ce yarinya ta farko da ta yi haka a gasar.

Sai nahiyar Afirka. Wasan ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin an buga besbol a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Amma ta fuskar yara, Yuganda ce ta yi fice. Wani injiniya Ba'amurke, Richard Stanley, ya taimaka aka kafa Little League a can, ya gina filaye da makarantar kwana a wajen birnin Kampala.

A 2011 yaran Kampala suka je Poland, suka lashe gasar yankinsu, suka sami gurbin zuwa Williamsport. Sai aka hana su bizar Amurka, saboda bayanan ranakun haihuwarsu sun saɓa wa juna. Yara sun yi nasu a fili, takarda ta tsayar da su. Hukumomin wasan ba sa sassauci kan shekaru. A 2001 an ƙwace duk nasarorin wata ƙungiya daga New York, bayan an gano gwanin jifanta shekararsa 14, ba 12 ba. Ga kuma ƙirgen jifa, wanda gaba ɗaya a kan shekaru ya dogara.

Kociyoyin Yuganda suka gyara. A 2012 ƙungiyar garin Lugazi ta zama ta farko daga Afirka da ta buga a Williamsport, har ta doke wata ƙungiya daga jihar Oregon da ci 3 da 2. A 2015 yaran Yuganda suka koma, suka doke Jamhuriyar Dominika, ƙasar da besbol ya zama jinin jikinta, da ci 4 da 1. A 2022 ƙungiyar ƙwararru ta Los Angeles Dodgers ta sa hannu da matasan Yuganda biyu.

Iyaye, abin da ya sami yaran 2011 ya isa tunatarwa. Ku yi wa 'ya'yanku rajistar haihuwa tun suna jarirai, ku adana takardar. Kociyoyi kuma ku nemi ganinta tun ranar da yaro ya shigo ƙungiya, kada ku jira sai tafiya ta taso.

Masu sauraro, kafin a rufe shirin, ga tambayoyi huɗu da uba ko uwa za su yi wa duk wanda zai horar da ɗansu, kowane irin wasa ne. Wa ke ƙirga yawan aikin da jikin yaron ke yi, kuma yaushe yake hutawa? Me koci ke faɗa in yaro ya yi kuskure? Kowane yaro yana samun shiga fili? An yarda iyaye su zauna su kalli atisaye? Tambayoyin nan su ne amana ukun da aka ambata, lafiyar yaro, zuciyar yaro, da rabon yaro, tare da idon iyaye a kansu.

Ga masu son ganin wasannin biyu da idonsu, besbol da sofbol za su dawo a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.

A nan shirin ya zo ƙarshe. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya saka wa masu ɗawainiya da su da alheri.